Ban Jira Hannun Baba Ba

Talata, da hantsi

Ina zaune a ƙasa, bayana jingine da gadon Baba, ƙafata ta dama a miƙe kamar ta aro.

Da safe na zo ɗaga shi zuwa kekensa na marasa lafiya kamar kullum, sai na ji ɗas a sharaɓata, tsokar nan ta bayan ƙwauri, kamar an jefe ni da dutse. Wallahi har waiwayawa na yi in ga mai jifan. Ba kowa sai labule. Ban yar da shi ba. Kan katifa muka zube. In sake rubutawa: ban yar da shi ba.

Baba shugaban 'yan dako ne a sito, a zamaninsa. Dokarsu ita ce ba ka ɗaga kaya da mutum sai ya ba ka alama. Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya yi nauyi, alamar ta koma hannu. Ya rataya hannun dama a wuyana, ya kafa ƙafarsa mai lafiya, ya bubbuga kafaɗata sau biyu, sannan mu tashi tare. Haka muke yi tun rasuwar Inna.

Yau waya ce ke ta kuka a falo, kuma na san mai kiran. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Talata, da la'asar

Mai Ɗinki, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta same ni ina jan gindi zuwa kicin.

"Innalillahi! Auta, me zan gani haka?"

"Ba komai, Anti. Tsoka ce ta riƙe."

"Targaɗe ne. Ruwan zafi da man zafi, a murza sosai, gobe ki tashi garau."

Ta tafasa ruwa, ta gasa, ta zauna ta murje ni da hannun nan nata na juya keken ɗinki da yankan yadi. Na ciji mayafi don kada Baba ya ji. Ya ji. Ƙararrawar da yake kirana da ita tana hannunsa, yana ta kaɗa ta yana girgiza kai. Anti ta ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, ciwon ne ke fita." Mijinta Direba shi ya kai Baba banɗaki da yamma. Baba bai dubi kowa ba har aka dawo da shi.

Laraba, da safe

Garau ɗin ke nan: ƙafa ta kumbura sumtum, diddige ya ƙi taɓa ƙasa, a kan yatsu nake ɗingisawa.

Yaya ya sake kira. Na gyara murya.

"Jiya ina ta kira."

"Muna banɗaki."

"Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi."

"Ke fa?"

"Lafiya lau."

Ya gaya mini tun tuni, a gaban kowa, ranar da muka yi abin da muka yi a kan kayan Inna: ranar da na kasa, zai zo ya ɗauke Baba, ba shawara. Gidansa a hawa na sama yake, ɗakin baƙi kuma bango tagarsa ke kallo. A nan Baba yana ganin titi, yana ganin motocin lodi, tsofaffin yaransa na sito suna ɗaga masa hannu suna "Oga, barka da hutawa." Ga shukar Inna a bakin taga, da ita yake hira in ya gaji da ni. A ɗauke shi a kai ina?

Ban kasa ba. Ƙafa ce kawai.

Alhamis, da azahar

Jinin ya sauko har idon sawu, baƙi da shuɗi. Na sa doguwar safa.

Juma'a, da yamma

Na bar Baba da Anti na je asibitin bayan tasha. Aka tura ni wurin likitar gashin ƙashi, wata doguwa mai tabarau, kowa Sista yake ce mata. Ta kwantar da ni ruf da ciki, ta matsa nan ta matsa can, ta sa na'ura ta leƙa ciki, ta ce ta duba ko jini ya daskare a jijiya, alhamdulillahi babu. Sannan ta kama bakin mayafina inda ya soma warwarewa.

"Tsoka zare-zare ce kamar wannan. Taki wasu zarurrukan sun tsinke, ba duka ba. Me kika yi mata?"

Na faɗa mata ruwan zafi da murza.

"Wa ya sa ki?"

"Masoya."

"To masoyan sun ƙara miki jini a ciki. Kwanakin farko sanyi ake so. Ƙanƙara a cikin tsumma, ki ɗora ki sauke, ki naɗa bandeji, ki ɗaga ƙafar ta fi ƙirjinki. Kina samun ƙanƙara a unguwarku?"

"Ita nake sayarwa."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ni ma da ni ce ita, haka zan dube ni. Firiza cike a tsakar gida, ni kuma ina gashi da ruwan zafi.

Ta tambayi yadda abin ya faru. Ta ce tsoka ba ta yagewa haka kawai: ko tana sanyaye da safe ba a motsa ta ba, ko gajiya ta taru mata, ko nauyi ya faɗo mata bagatatan ita kaɗai. Na ce duka ukun. Na ce ɗagawar mutum biyu ce, ɗaya bai shirya ba. Ba ta tambayi laifin wa ba, Allah ya saka mata.

"Kada ki ɗaga abin da ya fi butar shayi."

"Har yaushe?"

"Har sai na ce."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Asabar, da hantsi

Direba ya tafi da mota, sai wani makon. Ni da Baba ke nan.

Na kawo masa fo, ya kau da kai. Na kawo kwalba, ya ture ta da bayan hannu har ta gangara ƙarƙashin gado. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar buhu biyu a kafaɗa, ba zai yi wannan a kwance ba, na sani. Sai na jingina nauyina a ƙafar hagu, na ɗaga. Ya daɗe kafin ya bubbuga. Yana jin yadda nake huci, fuskarsa tana wuyana ai.

Ban gaya wa Sista ba, ba kuma zan gaya mata ba.

Lahadi, da la'asar

Yau sau biyu kacal ya kaɗa ƙararrawa. Na samu na ɗora ƙafa a kan matasai, ƙanƙara na aikinta. Alhamdulillahi.

Talata, da safe

Kumburin ya soma saɓewa. Na sa ɗan soso a cikin takalmi ƙarƙashin diddige kamar yadda Sista ta ce, tafiya ta ɗan yi dama. Ina juya idon sawu a zaune, sama da ƙasa, a hankali, in na ji ya ja in tsaya.

Baba ba ya mini magana. Da ma kalmomin nasa ba yawa, "Auta," "ruwa," "taga," "kai!" Yanzu ko su babu. In na kai shayi sai ya nuna mini ƙofa da haɓa, wato in fita. In na dawo kofi wayam. To tunda yana sha, ya yi ta fushinsa. Na san abin da yake wa fushi, ɗan dako ba ya yafe wannan da wuri.

Laraba, da azahar

Ƙararrawa sau ɗaya. Alhamdulillahi.

Alhamis, da yamma

Yaya ya ce zai leƙo ranar hutu. Na ce Baba na mura, kada ya kwaso wa yara. Ƙarya ta fara zama mini kamar ruwan sha, ina jin kunyar kaina, amma ya zo ya ga safa da ɗingishi? Ai ko zama ba zai yi ba.

Shukar Inna ganyenta ya soma rawaya. Na taɓa ƙasar, jiƙe sharkaf, alhali tun da na ji ciwo ban ba ta ruwa ba. Ƙila Anti ce ke zubawa, ita komai sai ta yi masa yawa.

Asabar, da hantsi

Na tashi ba zafi. Na taka diddige ya zauna daram. Na ce shi ke nan, an gama, Sista da tsoratarwa. Na cire bandeji, na share tsakar gida, na kwashe ƙanƙara na ba masu saye, har da waƙa.

Na zo ɗaga Baba da ƙafa biyu kamar da. Muna rabin tashi abin ya sake ja, a daidai wurin, kamar an soka mini allura mai zafi. Ban yi ƙara ba. Amma hannunsa da ke wuyana ya saki, ya koma ya zauna da kansa, ya ce, "A'a."

"Baba, banɗakin fa?"

"A'a."

Asabar, da la'asar

Na kira Sista a waya. Ta ce wurin da ya yage da ɗanyen nama yake haɗewa, zafi yana riga ƙarfi dawowa... a'a, cewa ta yi zafi yana tafiya tun ƙarfi bai dawo ba, a nan kowa ke faɗawa. Ta ce na mai da kaina baya. Ta ce, "Wai me kike ɗagawa a gidan nan?" Na ce butar shayi.

Lahadi, da yamma

Bai kaɗa ba yau. Ko sau ɗaya. Barci yake ta yi.

Na rubuta alhamdulillahi na goge.

Litinin, da safe

Leɓensa ya bushe ya tsattsage. Idonsa ya faɗa. Na ce "Baba," ya dube ni ya kira ni da sunan Inna. Na sa hannunsa a wuyana, ya zame. Na sake sawa, ya zame. Direba ba ya gari. Anti ta fi ni rashin ƙarfi, kuka kawai take.

Litinin, da hantsi

Na kira Yaya.

Talata, da azahar, a bencin asibiti

Leda ta nawa ke nan ta ƙarin ruwa, ban sani ba. Ya farfaɗo, ya gane mu. Likita ya ce ƙodarsa ta wahala amma an tare da wuri, da an ƙara kwana da labari ya bambanta. Ya tambaye ni tun yaushe tsohon nan ya daina shan ruwa.

Na ce yana sha. Na ce ni nake kai masa, kofi wayam nake ɗaukewa. Na ɗaga murya har nas ta leƙo. Likitan ya ce, "Baiwar Allah, jikinsa bai ce haka ba."

Yaya yana tsaye, idonsa a kan safata. Jiya da hannu ɗaya ya tallafo Baba ya sa a mota, ni ina bin su a baya ina dafa bango. Har yanzu bai ce mini komai ba. Da ma zagina ya yi.

Talata, da yamma

Na zo gida ɗaukar masa kaya. Ɗakin na wani tsami. Na bi warin har bakin taga.

Tukunyar shukar Inna. Ƙasar ta zama taɓo, tururuwa sun yi layi, ga ganyen shayi kwance a sama, ga madara ta yi fari a gefe. Daidai inda hannunsa na dama yake kaiwa in ya miƙa.

Na zauna a gadonsa. Ni ina can falo da ƙafa a kan matashi ina alhamdulillahi.

Ba zan iya rubutu ba yau.

Juma'a, da la'asar

An sallame shi. Ba nan aka kawo shi ba.

A bakin mota Yaya ya ce, "Auta, ba ƙwace miki shi nake ba."

"To me kake?"

"Kin kusa kashe kanki, shi kuma ya kusa kashe kansa saboda ke. Ku biyun nan kanku ɗaya, taurin tsiya. Ni ne dai mugu kullum." Ya juya yana gyara madubin mota da ba abin da ya same shi. Can ya ce, "Ranar da likitarki ta ce kin warke, ki zo ki ɗaga shi a gabana. In na ga ya yi, ya koma tagarsa."

Baba na kujerar baya, bai ɗago ba. Na so in ce masa wani abu. Motar ta tashi.

Lahadi, da safe

Na farka na ji ƙararrawa. Tana kan tebur inda na ajiye ta.

Laraba, da hantsi

Na gaya wa Sista gaskiya duka. Ta daɗe tana goge tabarau. Ba ta yi faɗa ba, sai ta ce, "To yanzu kina da dalilin bin magana."

Yanzu an yarda da ɗumi, tunda kumburi ya tafi. Na gaya wa Anti, ta ce, "Ai na faɗa!" Na bar ta da nasararta. An ba ni wata roba mai talewa in maƙala a tafin ƙafa in tura. An ce in dafa wani abu in tashi a kan yatsu da ƙafa biyu, in sauko a hankali, saukowar ce aikin. In ci abinci sosai, ƙwai, wake, nama in ya samu, in yi barci. Ƙarfen gadon Baba nake dafawa. Ina tashi ina ganin titi, ina sauka yana ɓacewa.

Asabar, da azahar

Yaran sito sun tsaya a taga. "Ina Oga?" Na ce ya je hutu. Na sauke labule.

Talata, da yamma

Sama, ƙasa. Sama, ƙasa. Ƙafar dama ta rame, ta fi ta hagu siranta, tana rawa kamar ta tsohuwa. Yau na yi jifa da robar nan, ta bugi bango ta dawo ta same ni a goshi. Ya yi mini daidai.

Na canza wa shukar ƙasa. Saiwar rabi ta ruɓe. Ban sani ba ko za ta yi.

Alhamis, da la'asar

Matar Yaya ta kira, ita ba ruwanta da rigimarmu. Ta ce sun ɗauko wani ƙato mai jinya, yana da kirki, amma ta hammata yake cafko Baba ya dire a keke kafin ka ce me. Ta ce, "Auta, wai me ya sa in an gama ɗaga shi yake bubbuga hannun keken? Sau biyu, kullum."

Na ce ban sani ba. Na kashe wayar na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Ta sake kira daga baya, ta ce ta manta: in ba kowa a ɗakin, tana jiyo shi yana nishi. Ta leƙa ta ga ya kafa ƙafarsa mai lafiya a ƙasa yana turawa, yana saki, yana turawa. Ta tambaya ko ta hana shi. Na ce kada ta kuskura.

Litinin, da safe

Ƙafa ɗaya. Na tashi a kan yatsun dama ita kaɗai, na tsaya, na sauko, ba ja ba suka. Na sake, na sake. Ban yarda da ita ba tukuna. Ta taɓa yi mini haka.

Juma'a, da hantsi

Sista ta sa na yi tsalle, na hau matakala, na tsuguna na ɗaga jarkar ruwa, gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe. Ta koya mini in ɗumama ƙafa kafin ɗagawar safe, in sa takalmi mai riƙe ƙasa, kada in yi da silifas. Ta ce in nemi mai karɓata wasu ranakun, tsoka ma tana son hutu.

"Yau na ce," in ji ta. "Kina iya ɗagawa."

Lahadi, da yamma

Ɗakin baƙin Yaya tsaf, da fanka da komai. Taga na kallon bango. Baba ya yi ƙiba kaɗan. Da ya gan ni bai yi murmushi ba, ƙafata ya nuna. Na ɗora ta a bakin gado, na janye zani. Ya kama sharaɓar da hannun dama ya matsa, ya bi ta da babban yatsa daga sama har ƙasa, yana kallon fuskata ko zan yamutsa. Ban yamutsa ba.

Ya miƙo hannu zai rataya a wuyana. Na ja baya. Na ɗauko kofi na cika shi fal.

"Baba, ba na ɗaga ka sai ka shanye wannan. A gabana. Nan babu shuka."

Matar Yaya ta toshe baki. Ya harare ni, ya ce, "Kai!" Ya karɓa. Ya sha yana kallona ta saman kofin, ruwa na bin gefen bakin da ya shanye, har ya ƙare. Ya kifa kofin ya nuna mini.

Na durƙusa, gwiwata a jikin tasa. Hannunsa ya zo wuyana. Na ji ya ja ƙafarsa ya kafa. Sai shiru.

Na jira. Cinyoyina suka fara zafi. Numfashinsa na kunnena. Yaya daga bakin ƙofa ya ce, "To ɗaga mana."

"Bai ce ba."

"Me zai ce? Ai ya shirya."

"Yaya, bai ce ba."

Gumi ya sauko mini ido. Na san gwada ni yake, tsohon nan, kuma da zai kai magariba da zan kai. Can na ji hannun ya motsa a kafaɗata. Ɗaya. Biyu.

Muka tashi. Wallahi rabin nauyin shi ya ɗauka. Muka tsaya a tsaye ni da shi, ya ƙi zama a keken, ya ɗan jima haka, goshinsa a kan nawa. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Taga."

Yaya ya fita ɗauko makullin mota. Da ya dawo idonsa ja, ya ce ranakun hutu shi zai riƙa zuwa ɗagawar safe, in zan koya masa. Na ce sai in zai iya jira.

Litinin, da la'asar

Tun safe yake kaɗa ƙararrawa. Ruwa, banɗaki, ruwa, banɗaki, ko zama bai bar ni na yi ba, ƙanƙarar mutane na can na narkewa. Yaran sito sun taru a taga suna ihu.

Ƙasar shukar Inna ta bushe ƙamas. Na ba ta ruwa da kaina.

Ga ta nan kuma, yana kaɗawa. Ina zuwa, Baba.